Hoton Lamont a Jikin Motar Coci

Shekara goma sha bakwai Lamont Gathers, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki a birnin Chattanooga, yana tsaron ƙofar wata cocin farar fata. Shi kaɗai ne baƙar fata a cikin dattawan cocin, saboda haka duk ranar ɗaukar hoto sai a jawo shi tsakiya kamar sabon ango.

"Kai fa ba kamar sauran ba ne," in ji su. Sai ya yi dariya. Yana da wata dariya ta musamman, mai haƙora talatin da biyu, wadda ba ya yin ta a gida. Ranar da wata tsohuwa ta cusa yatsu cikin gashin 'yarsa Renita tana tambayar ko ana wanke shi, dariyar nan ya yi. Yarinyar ta ɗago ta dube shi. Kallon nan ne ya fitar da shi daga cocin, ba gardamar wa'azi ba.

Bayan shekara uku, shi da Renita suna tsaye a danja, sai ga motar cocin. Ga hoton Lamont a jikinta, ƙato, baki har kunne.

"Baba, ga ka can," in ji Renita. "Har yanzu kana bakin aiki."

Tun daga ranar ta rage yi masa magana.

Ranar Talata ya shirya kalamansa ya tafi cocin. Dikon Hal, dattijon coci mai kula da ginin, ya rungume shi.

"Ɗan'uwa Lamont! Allah ne ya kawo ka, na'urarmu ta mutu!"

Kafin ya farga yana kan tsani. Ya gyara ta tsaf, har da goge ƙura, kunya tana cin sa. Da ya sauko ya tsuke fuska.

"Hal, ku cire hotona."

"Haba! To wa za mu sa? Kai ne shaidarmu cewa ba ma duba launi."

"Ku cire shi."

A gida Renita tana zuba dafaffen ganye da burodin masara.

"Za su cire?"

"Ranar Juma'a."

"Ka yi musu dariyar nan?"

"Sau ɗaya."

"Baba."

"To, sau uku. Kuma na gyara musu na'ura."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta turo masa faranti, ta ja kujera kusa da tasa.