Turaren da Na Zuba wa Takardun Jikata

Shekarar da jikata ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, muna zaune Madawa. Maƙwabciyarmu Kirista ce, asibitin mishan take aiki, tana da bidiyo. Wata Lahadi bayan la'asar ta kira mu kallo.

Fim ɗin na Turawa ne, jikata ke maida mani da Hausa. Wata mata ce ke zaɓen waɗanda za su shiga jami'a: takardu tuli gabanta, wannan ta ɗauka, wannan ta ture. Ga wani malami yana sonta, kullum ya zo roƙa wa ɗalibinsa sai bakinsa ya sarƙe. Su suna ta dariya. Ni hannun matar nake kallo. Na ce a raina, cikin tulin nan, mi zai sa hannu ya tsaya kan ta jikata?

Nata takardun na neman jami'a suna cikin ambulan, washegari direban Yamai zai tahi da su. Da ta fita ɗibar ruwa na ciro kwalbar turarena mai maiƙo, wanda nake ɓoyo don suna da biki. Na buɗe ambulan, na ɗiga wa kowace takarda, har hotunanta, na yi bisimilla na liƙe.

Bayan sati ukku aka maido su. Mai ya bi tawada, sunanta ya narke, hatimi ya zama tabo. Ubanta ya tahi tasha ya zazzage direba, wai kusa da jarkar mai ya aje su. Bawan Allah yana ta rantsuwa. Ina ji, na bar laifin a kansa.

Jikata ko ta kai takardar ga hanci, ta dube ni.

"Kaka, direban nan ɗan gaye ne. Turarenku ɗaya."

"Ke, raba ni da shegantaka."

"To, tsohuwa. Allah shi ba shi haƙuri."

Kafin a sake wasu a Tawa an rufe karɓa. Shekara guda ta yi gida tana taya ni gyaran albasa, ƙawayenta na aiko mata wasiƙa daga Yamai. Ba ta faɗa wa ubanta ba, ni ma ban iya ba.

Da shekara ta kewayo, da kanta ta kai takardunta. Na miƙa hannu in riƙe mata jaka zuwa tasha, ta ce in bari, ba nauyi.