Saki, Na Riƙe

Da daminar bana shekara ashirin da biyu ke nan da muka binne mahaifiyata a bayan gari, gefen hanyar da take bi zuwa itace. Ban taɓa rubuta kome a kanta ba, ni da nake rubuta wa jama'a wasiƙu, in kuma tsara tarihin dattawan ikilisiya idan sun rasu. In an tambaye ni dalili sai in ce aiki ne ya sha mini kai. Ba aiki ba ne. Kunya ce, kuma yau zan faɗi ko kunyar mece ce.

Inna mutuniyar ƙauyen Garatu ce, mu Gbagyi ne, waɗanda Hausawa ke kira Gwari. Da mahaifina ya rasu sai ta kawo ni Minna, lokacin jirgin ƙasa yana ta zubo baƙi, kowa da tukunyarsa, ba mai lokacin shiga daji. Ta kafa ɗaki a bakin Sabon Gari, ta kama sayar da itace a gidajen unguwar Limawa. Wanda ya san matanmu ya san ba sa ɗaukar kaya a ka. A kafaɗa suke ɗauka, bayan wuya, su duƙa suna tafe. Inna takan ce kai yana da aikinsa na tunani, bai kamata a ƙara masa da itace ba. Da wannan kafaɗar ta riƙe ni har na gama makarantar mishan, na zama malami, na kuma zama tafintan Baturen da ke lura da ikilisiyarmu. Tun ranar da na fara sa takalmi ta daina kiran sunana, sai Malam, da rabin alfahari da rabin zolaya.

Hausarta irin ta kasuwa ce, ta isa ciniki, ba ta isa majalisa ba. Namiji da mace duk ɗaya ne a bakinta. Sai ta ce Yesu ta mutu domina, samari a bayan ɗakin sujada su toshe baki suna dariya, ni kuwa in ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Na sha gyara mata a gaban mutane. Takan ce to, Malam, gobe ta sake.

Ni na riga ta karɓar baftisma. Ita sai daga baya ta shiga ajin masu neman baftisma, ta yi shekara uku a ciki. A wancan zamani ba a yi wa mutum baftisma sai ya zauna gaban Bature da dattawa ya amsa tambayoyi, kuma sau ɗaya ake yi a shekara, bayan kaka. Wanda ba a yi wa ba, in an zo cin Jibin Ubangiji, gurasar da masu baftisma ke ci tare, sai ya tashi ya fita. Kowane wata ina zaune a gaba, ina hangen Inna ta taga tana zaune a gindin ɗorawa tana jira a gama. Ba ta da wani buri da ya wuce ta zauna a ciki ta ci gurasar nan tare da ɗanta. Har sunan da za ta ɗauka ta zaɓa, Saratu, tana ta gwada faɗinsa in tana tuƙa tuwo.

Mako guda na yi ina cusa mata amsoshin da ke cikin ɗan littafin tambayoyi. Wadda ta fi ba ta wuya ita ce ta bangaskiya, amsa ce mai layi uku, kalmomi manya a jere. Ta haddace da safe, ta zubar a hanyar daji.

Ranar tambaya, da la'asar, muna mu biyar a ɗaki: Bature, dattawa biyu waɗanda ba mai jin yarenmu a cikinsu, ni, da Inna a kan tabarma da zanenta na Lahadi. Ta amsa tambaya ta farko, ta amsa ta biyu da ƙyar. Sai Bature, mutum mai haƙuri wanda ke jin Hausa sarai, ya tambaye ta mece ce bangaskiyar da ke ceton mutum. Ta fara layin farko, ta maƙale. Ta dube ni. Ta sake farawa, ta sake maƙalewa. Daga nan sai ta bar Hausa ta koma yarenmu, ta juyo gare ni don in fassara.

Ga abin da ta ce, ban manta ko kalma ɗaya ba. Ta ce in ta taso daga daji da itace mai nauyi, ba ta iya sauke shi ita kaɗai, in ta gwada sai ya karya mata wuya. Sai ta isa ƙofar gida ta tsaya a duƙe, matar gidan ta zagayo ta bayanta ta kama. Ita ba ta ganin matar, muryarta kawai take ji, tana cewa saki, na riƙe. Ta ce sanin cewa matar tana nan ba ya sauke kaya, yarda cewa matar tana da ƙarfi ma ba ya saukewa. Sai in ta buɗe hannunta. In ta saki rabi ta riƙe rabi, su biyun duka za su ji ciwo. Ta ce haka ta zo wa Yesu da kayanta, ya ce ta saki, ta saki, kuma tun ranar ta miƙe.

Kalmomin nan uku, saki na riƙe, da Hausa ta faɗe su, saboda da Hausar ake faɗa mata su a Limawa. Bature ya ji su, ya ɗago kai ya ce mini, "Me ta ce a saki?"

Na dubi uwata a kan tabarma, da kantar ɗaukar kaya a kafaɗarta, da hannuwa duk tsagar itace, na dubi dattawan nan biyu da ke jira. Ni dai abin da na ji shi ne an yi tambayar littafi, uwar malami ta kawo zancen murhu. Na ce, "Ranka ya daɗe, maganar itace take yi. Ba ta gane tambayar ba."

Bature ya yi mata magana mai taushi, ya ce ta ƙara shekara guda a aji. Ba laifinsa ba ne, abin da tafintansa ya ba shi da shi ya yi hukunci. Abin da na manta a lokacin shi ne, Inna ba ta iya faɗin Hausa daidai ba, amma tana jin ta tsaf. Muka fito, tana gaba ina baya har gida. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Sai da ta hura wuta ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Malam, baɗi ka koya mini ta littafin da kyau."

Ba ta kai baɗin ba. Ciwon ƙirji ya kama ta da tsakiyar damina, Bature kuma yana rangadi a ƙauyuka, rafuka sun cika. Wata safiya da na ga jikin ya yi nisa na durƙusa kusa da ita ina kuka, ina cewa zan tafi ko a ƙafa in nemo shi ya yi mata baftisma, don tsoro ya kama ni kada ta tafi ba ceto, kuma ni ne sanadi. Ta riƙe mini riga ta ce in zauna. Ta ce ruwan baftismar tana so, ta daɗe tana so, amma ba ruwa ne ya ce mata saki ba. Wannan karon ma ban buɗe baki na roƙi gafararta ba. Kwana biyu bayan haka ta cika.

Da abin ya tsaya nan, da na ce kuskuren ƙuruciya ne. Bai tsaya ba. Bayan shekara huɗu aka ba ni wa'azi a babban taro, na rasa ta inda zan ɓullo wa maganar bangaskiya, sai na kawo misalin mai itace. Tsofaffin mata suka yi ta share hawaye. Baturen nan kansa ya kama hannuna ya ce bai taɓa jin an bayyana abin haka ba, ina na samo? Na yi murmushi na sunkuyar da kai irin na mai tawali'u. Tun daga ranar ake ce da shi wa'azin itace na Malam. Na yi shi a garuruwan da ke bin layin dogo, ɗalibaina sun ɗauka suna yi, kowa yana ambaton sunana.

Nakan tambayi kaina me Inna za ta ce da ta ga Minna ta yau. Ɗakin sujadarmu na ciyawa ya zama na kwano, ɗorawar nan an sare ta an yi aji a wurin. Motocin lori sun fara raba kaya da jirgi, samari ba su da zance sai na mulkin kai. Yanzu kowane mai bi yana da katin baftisma, wasu ma don neman aiki suke nuna shi, kuma yaro ɗan shekara goma zai zubo maka amsar nan mai layi uku ba numfashi. Ina jin za ta yaba kwanon, ta yi dariyar katin. Amma na san inda idonta zai tsaya: matan da har yanzu ke shigowa gari a duƙe da itace, suna tsayawa a ƙofar gidaje suna jiran a kama musu.

Ni ne yau nake zama a kujerar tambaya, kuma na daɗe da gane abin da ke cikin kalmar da nake tambaya a kai. Maƙwabtanmu Musulmi imani suke cewa, mu muka saba da bangaskiya, wato ba da gaskiya. Ba ta ake yi, ba sanin ta kawai ba. Ni na san gaskiya da layinta uku, Inna ta bayar. Ban iya hana ta ceto ba, don ba a hannuna yake ba, wannan ne kaɗai abin da ke sanyaya mini rai. Amma na hana ta gurasar da take marmari, na hana ta sunan da ta zaɓa, na kuma ɗauke amsarta na yi ado da ita. Shekara goma sha takwas ina gaya wa jama'a su saki, ni kuwa na ƙanƙame nawa kayan da hannu biyu, don in na saki sai an ga abin da ke ciki.

To, ga shi na buɗe hannu. Duk wanda ya taɓa jin wa'azin itace, ko yake shirin yin sa ranar Lahadi, ina roƙonsa ya cire sunana. Ba nawa ba ne. Na Saratu ne, mai itace, matar da na ce ba ta gane tambaya ba.