Har Yau Garejin Malam Sale Ake Cewa

Bana shekara tara da rasuwar yayana Malam Sale mai wayarin mota, Allah ya jiƙansa. Ni na gaji rumfarsa a Ƙofar Kibo, amma har yau babu mai cewa garejin Ɗanlami. Garejin Malam Sale ake cewa, ni kuwa ban taɓa gyara wa kowa ba, don da sunan nake cin tuwo.

Mu da ƙyastu muka tashi. In kana son sanin ko waya na da wuta, sai ka goga ta a jikin mota, in ta yi tartsatsi shi ke nan. Yaya ya haura hamsin lokacin da ya sayo mita, wannan ƴar na'ura mai jar waya da baƙa da ake auna wuta da ita. Bai yi boko ba, don haka ya sa ƴarsa Hajara ta riƙa karanta masa, shi kuma yana bin madannin da fenti yana rubuta ajami: nan batir, nan fis, nan wayar da ta tsinke. Bayan la'asar za ka gan shi tsugune gaban batir, tabarau a kan hanci. Yakan ce, "Ɗanlami, motocin da ke tafe ba sa son tartsatsi." Ni a ganina gemu ba ya komawa allo.

To, motocin sun iso. Watan jiya wani direba, Malam Tanimu, ya kawo motar da yake jigilar fasinja da ita, fitila ce kawai ta ƙi kamawa. Na ƙyasta waya yadda na saba. Motar ba ta sake tashi ba, ƙwaƙwalwarta, wato kwamfutar da ke sarrafa ta, ta ƙone. Bawan Allah bai zage ni ba, ya sa aka ja masa motarsa. Wallahi da zagin ya yi da ya fi mini sauƙi.

Kwana kaɗan bayan haka ina wurin mai shayi na ji wani yana cewa garejin Malam Sale yanzu ƙona mota ake yi. Bai san ni ba, bai ambace ni ba. Mutumin da ke kwance a kabari shi aka kira. Shayin nan ban iya shanye shi ba.

Nakan tambayi kaina, da Yaya zai leƙo yau me zai ce? Na san shi, ba zai yi faɗa ba. Mitar zai miƙo mini, ya tsuguna kusa da ni. Don haka na ciro ta daga akwatin kayan aiki, na aika wa Hajara, wadda yanzu take koyar da lantarki. Duk Asabar tana zuwa ta koya mini. "Baffa, baƙar a jikin mota, jar a kan fis." Ina ɗorawa, ina bin ajamin ubanta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma ni na riga na taka.

Abin da ya bari ba rumfa ba ce, amincewar mutane ce, kuma a hannuna take zuba. Na roƙi Hajara kada mahaifiyarta ta ji labarin motar. Ta sunkuyar da kai ta ce ai Inna ta ji a gidan suna, har Innar ta rantse a gaban mata cewa ƙarya ne, muddin Ɗanlami na wurin ba za a ƙona motar kowa a garejin Malam ba.

Gobe bayan sallar asuba zan je in gaya wa mahaifiyar Hajara gaskiya da bakina.