Muryar Baban Sanarwa

A gidan rediyon garin ba mai kiransa da sunan yanka. Baban Sanarwa kowa yake cewa, har manaja. Yana matashi ya shiga aikin a matsayin mai ɗauko rahoto. Da mai karanta sanarwar rasuwa ya yi ritaya aka ce ya riƙe kafin a samu wani, shi ke nan ya riƙe har furfura ta cika masa kai.

Idan wani sananne ya rasu, alƙali ne ko tsohuwar shugabar makaranta ko ɗan ƙwallon da aka manta da shi, shi yake bin dangi da abokai yana tambaya, ya haɗa taƙaitaccen tarihin mamacin ya karanta bayan labaran rana. Ba ya sauri, ba ya ƙara gishiri. Har ta kai idan ya kira mutum a waya, kafin ya gama sallama sai a ce, "Wa ya rasu?"

Wata rana muryarsa ta dishe. Ya ɗora laifin a kan sanyin ɗakin watsa shirye-shirye, ya riƙa zuwa da ruwan ɗumi da zuma a filas. Mako ya wuce, wata ya wuce, abin sai gaba yake yi. Babbar 'yarsa ce ta tsare shi a bakin ƙofa.

"Baba, yau ƙafata ƙafarka sai asibiti."

"Mura ce fa, uwata."

"Murar da ba hanci ba tari? Ɗauko hularka."

Likita ya zura masa wani siririn bututu mai fitila a maƙogwaro, ya daɗe yana dubawa, ya ce akwai ɗan kumburi. Aka yanki kaɗan don a gwada, aka ce su dawo mako mai zuwa.

Tun daga nan abinci ya daina shiga. Ya sha karanta wa jama'a cewa wane ya rasu "bayan gajeruwar rashin lafiya", bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa yadda gajeruwar take farawa ba. Yanzu ko ruwa ya haɗiya sai ya shafa wuyansa. Matarsa na lura da shi.

"Malam, ka bar taɓa wurin nan. Ka zama likitan kanka ne?"

Ana cikin jiran sai tsohuwar ungozomar babban asibiti ta rasu, matar da ta karɓi haihuwar rabin garin, har da 'ya'yansa duka. Ɗanta ya zo ofis da kansa, ido jajir.

"Baba, kai take saurare kullum. Don Allah kai za ka karanta."

Ya so ya ce ba zai iya ba, amma ya amsa masa da to.

Bayan labaran rana, jar fitilar da ke nuna an buɗe makirfo ta kama. Ya fara da inda aka haife ta, da yadda take tafiya a ƙasa cikin ruwan sama idan an ce mace na naƙuda. Yana isa wurin 'ya'yan da ta bari, muryar ta ɗauke ɗif. Ya buɗe baki, iska kawai ta fito. Ta bayan gilashi injiniya ya kai hannu zai saki kiɗa, Baban Sanarwa ya girgiza masa kai. Ya kurɓi ruwa, ya matso da baki dab da makirfo, ya ƙarasa da raɗa-raɗa har addu'ar ƙarshe. Da fitilar ta mutu ya kasa tashi daga kujera.

Ranar komawa asibiti 'yarsa ce ta riƙe masa hannu a kan benci. Likita ya ce ba mugun ciwon ba ne, za a cire kumburin, amma kada ya sa rai muryar za ta koma yadda take. 'Yar ta fashe da kukan murna. Shi kuwa ya yi hamdala, sannan ya tambaya a hankali, "To aikin fa?"

An yi masa aikin lafiya, muryar ta dawo siririya, ba ta ɗaukar dogon karatu. Manaja ya bar masa haɗa tarihin, wata abokiyar aikinsa mai karanta labarai ta karɓi makirfo. Yanzu a gefen injiniya yake zama, yana binta da leɓe. Idan ta fara sauri sai ya ƙwanƙwasa gilashin da yatsa, ta harare shi, ta sassauta.