Gafakar Malam da Na'urar da Na Zaɓa

Bazarar shekarar da Malam ya rasu ba ta da tausayi. Rijiyoyi sun ja baya, ni kuma ina cikin takaba, kowace rana kamar jiya. Abin da na yi da hannuna a wannan bazara, har a sa ni a ƙasa ba zai fita daga raina ba.

Malam mijina ne, shi ke karantar da yaran ƙauyenmu a wajen Tofa. Bai bar mana hoto mai kyau ba, amma ya bar murya. Wayarsa cike take da karatunsa na Alƙur'ani, da wata doguwar magana da ya yi wa 'ya'yansa a gadon asibiti, yana kiran kowa da sunansa.

Babban ɗana, da ke koyarwa a birni, ya ce waya ba wurin ajiya ba ce. Akwai na'urar da ake ajiyewa a gida, a jona ta da sola, kowa ya saurara daga wayarsa. Ya aro guda biyu a wurin mai shago don in zaɓa. Ɗaya babba ce, da ma'ajiya biyu a ciki, in ɗaya ta lalace ɗaya na nan, kuma tana da fanka mai ɗan ƙugi. Ɗayar ƙarama ce, shiru take.

Ya ce, "Inna, ni babbar na fi so."

Na ce, "Kai, wannan mai gurnani kamar injin markaɗe? A ɗakin da nake salla? Kuma me zan yi da abu ɗaya sau biyu?"

Ya yi dariya ya ce, "Yadda kika ce, Inna." Da ma ya yi mini gardama ranar.

Ya zuba komai a ƙaramar, ya ɗora ta a kan kujera 'yar tsugunno, ya koma birni. Da aka raba gado wayar Malam ta faɗa rabon ɗiyata da ke aure a Bagwai. Ta ce ba wuri a ciki ko na hoto ɗaya. Ni da bakina na ce ta goge, ai komai na cikin na'ura.

Sai dai raina bai kwanta da inda take ba. Abin da ke ɗauke da Alƙur'ani, a kusa da ƙasa, kaji na shiga suna fita? Na yi alwala, na naɗe ta da sabon ƙyalle, na sa ta a gafakar fata da Malam ke ajiye Alƙur'aninsa. Na bar wa igiyar wuta hanya, na rataye a ƙusa can sama, dab da kwanon rufi. Har daɗi na ji, na ce na girmama ta.

Kullum bayan la'asar ina kunna karatun ina tsintar wake. Wata Laraba Malam na tsakiyar sura muryar ta tsaya. Na danna, na sake dannawa, shiru. Da na sauko da gafakar, sai da na sake ta don zafi.

Ɗana ya zo ya kai ta birni. Masu gyara uku suka duba. Ya dawo da azahar, ya tsuguna a bakin ƙofa bai ko karɓi ruwa ba.

"Inna, wa ya ce ki rufe ta? Iska take buƙata."

"To a gyara mana."

"Ta ƙone, Inna. Babu komai a ciki."

Na ce ko maganar asibiti kaɗai a ciro mini. Ya sunkuyar da kai. Mun tambayi ɗaliban Malam, aka sami guntun karatu a wayar wani, hayaniyar yara ta danne shi. Maganar asibiti kuwa babu mai ita. Autata har yau takan tambaye ni me babanta ya ce mata.

Na gane abin da ake da shi guda ɗaya tak ba a ajiye shi wuri ɗaya, kuma niyya mai kyau ba ta maye gurbin tambaya. Amma ganewar ba ta dawo mini da komai ba.

Washegarin ranar da ɗana ya dawo da labarin, da safe na ɗauko littafina na makarantar yaƙi da jahilci, na fere fensir, na zauna in rubuta duk abin da Malam ya faɗa wa 'ya'yansa a asibiti. Na ɗauka na haddace. Layi shida na samu.