Shekarar da Murjanin Yaya Ya Yi Fari

Yayana ya yi shekaru yana aikin gyaran injinan tace ruwa a Jidda, a bakin Bahar Maliya. Da ya dawo gida Rano, abin da ya fi ɗoki a kansa shi ne wani akwatin gilashi mai tsawon ƙaramin gado, wanda ya kafa a falonsa ya cika da ruwan gishiri. A ciki ya jera duwatsu masu ramuka, a kansu kuma ya dasa murjani mai rai da wani ɗan kasuwa yake aiko masa daga Legas. Mu da muka san murjani a wuyan mata kawai, a nan muka fara jin cewa halitta ce mai ci da girma, har da mutuwa.

Ni ina aure a Kibiya, ina koyarwa a firamare, amma kusan kowace Asabar nakan hau mota in je gaida Hajiya, mahaifiyarmu, wadda take da sashenta a gidan Yaya. In na gama da ita sai in zarce falo. Akwai murjani mai rassa kamar busasshen icce, akwai kore mai kaɗawa kamar ciyawar fadama, akwai wani ja mai naɗe-naɗe. Ƙananan kifaye masu ruwan lemo suna kai da kawo a tsakaninsu, dodon koɗi kuma yana lasar gilashin. Hajiya sau ɗaya ta shiga ta gani. Inuwarta ta faɗa kan koren, ya tsuke kansa. Ta ja da baya, ta ce abin da ya yi kama da dutse amma yake sanin an zo kansa, ita ba ta yarda da shi ba.

Yaya mutum ne da sana'arsa ta koya masa ƙin datti. Ya bayyana mini cewa kashin kifi da ragowar abinci suna zama wani irin taki a cikin ruwan, in ya yi yawa gansakuka ta rufe komai. Yana da ƴan kwalabe da yake ɗiga magani a cikin ruwan da ya ɗebo, launin da ya fito shi ke nuna yawan takin. Burinsa kada launin ya fito ko kaɗan. Don haka ya rage wa kifayen abinci, ya riƙa canja ruwa a kai a kai, ya bar injin kumfa mai tsotse datti yana aiki ba hutawa, ya kuma ƙara wata jakar tsakuwa mai shanye abin da ya rage. Wajen ƙarshen bazara ya samu abin da yake so. Ruwan ya yi garau, har kifayen suka zama kamar a iska suke yawo.

Matarsa ce ta fara lura. Ta ce mini jan murjanin ya koma kamar atamfar da ta sha wanki. Da na duba, na ga haka ne. Koren ma ya daina buɗewa sosai, mai rassan kuma ya fara fari daga gindi. Yaya ya ce zafi ne, ya ƙara fanka a kan ruwan. Damina ta sauka, gari ya yi sanyi, farin bai tsaya ba.

Sai wani abu ya bayyana a kan yashin ƙasan akwatin: yauƙi mai ruwan ƙasa, zare-zare kamar miyar kuɓewa, da ƴan ƙwayoyin iska maƙale a jikinsa. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne halinsa. Da safe ba a ganinsa, yashin fari tas. Da an kunna fitilar akwatin, kafin azahar ya dawo, ya fi na jiya yawa, yana hawa duwatsu yana lulluɓe murjanin. Dodannin koɗin da suka lashe shi suka riƙa faɗowa daga gilashi suna mutuwa a kife. Falon ya ɗauki wani ƙarni da turaren wuta bai iya kashewa ba.

Yaya ya ɗauka datti ne ya ɓuya masa, sai ya ƙara tsananta wanki. Wata Asabar na same shi ya rufe tagogi saboda ruwan sama, ya fito da duwatsun a baho, yana goge su da buroshi, hannu ba safa. Idanunsa sun yi ja, yana atishawa. Na ce masa ya huta, ya ce saura kaɗan. Ni kaina ban daɗe a ɗakin ba maƙogwarona ya fara ƙaiƙayi.

Da na je yi wa Hajiya sallama, ta riƙe mini mayafi.

“Ki faɗa masa, tunda ni ba ya jin tawa,” in ji ta. “Abin nan ya gama cin na cikin ruwa. Yanzu na waje yake nema.”

Ban faɗa masa ba, don na san amsar da zan samu. Washegari matarsa ta kira ni, ita ma tana tari, ta ce zazzaɓi ya rufe Yaya, numfashinsa yana fita da ƙyar, sun tafi asibiti. Likitan ya yi ta tambayar me ya shaƙa, ko maganin feshi ne na gona. Da aka kwatanta masa abin, ya ce bai taɓa cin karo da irinsa ba, amma kada kowa ya sake shiga ɗakin sai an buɗe tagogi.

Daga gadon asibiti Yaya ya sa matarsa ta ɗauki hoton akwatin ta aika wa mutumin Legas. Ina wurin lokacin da mutumin ya kira. Ya ce yauƙin nan ƙananan halittu ne masu dafi, kuma ba sa samun sarari sai ruwa ya rasa taki gaba ɗaya, sauran ƙananan halittun da ke danne su sun mutu. Murjanin ma yunwa ce ta kama shi, domin launinsa na wasu ƴan tsirrai ne da ke zaune a cikin namansa, su kuma da takin suke rayuwa. Ya ce a kashe injin kumfa, a cire jakar tsakuwa, a daina canja ruwa, a sa gawayi ya sha dafin, a kuma ciyar da kifayen har su ƙoshi.

Yaya ya ajiye wayar. Can ya dube ni ya ce, “Auta, ku yi yadda ya ce. Ni ko na koma, hannuna ba zai iya zuba datti a ruwan nan ba.”

Haka ni da matarsa muka karɓi aikin, da safar roba da ƙyalle a hanci. Ba mu ga canji da wuri ba. Makonni yauƙin yana tashi da rana kamar ba a yi komai ba, kifi ɗaya ya mutu, muka binne shi a bayan gida ba mu gaya wa kowa ba. Sai da gero ya fara fitar da kai sannan koren gansakuka ya ɓullo a kusurwar gilashi, launi kuma ya ɗan fito a kwalbar gwaji. Daga nan yauƙin ya riƙa ja da baya a hankali.

Mai rassan bai tashi ba, ya zama farin ƙashi. Jan ya rayu amma ya koma ruwan ƙasa. Da Yaya ya warke, ya kwashe akwatin daga falo ya mayar da shi shagon da ke kusa da zaure, inda iska ke ratsawa. Yanzu yana ciyar da kifayen sau da yawa, yana barin gilashin da ɗan kore.

Mutumin Legas ya gargaɗe shi cewa halittun ba sa ƙarewa, suna nan kwance a cikin yashi, ruwa ya sake talaucewa kawai suke jira. A bara, lokacin da Yaya ya yi wata tafiya aka manta da ciyarwa, matarsa ta ce ta ga zare ɗaya a gefen dutse da azahar. Ta zuba abinci, ta rufe shagon, ta hana yara zuwa wajen har ya dawo.