Ranar da Gidana Ya Kira Mai Nono Maigida

Na yi aikin adana takardu a ofis har na yi ritaya na dawo gidana a Kankia, kuma a tsawon wannan zamani na ga abubuwa da yawa waɗanda yanzu sun shuɗe mini. Amma akwai wata rana ta bazara wadda ba za ta taɓa fita daga raina ba muddin ina numfashi, domin a ranar ce gidan da na gina da gumina ya nuna a gaban baƙi cewa bai san ni ba.

Asalin lamarin daga babban ɗana ne, wanda yake aiki a Abuja. Ya zo hutu ya sa mana sola, abin da na yaba. Bai tsaya nan ba, sai ya kawo wani ɗan akwati mai ƙyafta ido ya kafa a zaure, ya cire kwaɗon babbar ƙofa ya sa na lantarki, ya sauya makunnan fankokin zaure da falona, ya liƙa lasifika a saman ƙyaure. Ya ce mini, "Baba, an ɗaure komai a wayarka. Ka iso kusa da gida, ƙofa ta buɗe, fanka ta tashi. Ka yi nisa, ƙofa ta kulle, komai ya mutu, batir ya huta." Har muryarsa ya naɗa, ta yadda duk lokacin da na dawo lasifikar za ta ce, "Sannu da zuwa, maigida, Allah ya ƙara girma." Ba zan ɓoye ba, wannan gaisuwa ta yi mini daɗi. Sashen mata bai shiga tsarin ba, domin su suna da ƙaramar ƙofarsu ta baya, wadda take bi ta turken awaki zuwa maƙwabta.

An zauna lafiya har lokacin da yaron ya aiko mini da sabuwar waya. Na cire layina daga tsohuwar na sa a sabuwar, na miƙa wa maiɗakina tsohuwar na ce ta adana. A fahimtata, kuma har gobe ina ganin fahimta ce mai ma'ana, iko yana tare da layi, kamar yadda a ofis iko yake bin muƙami ba kujerar da aka zauna a kai ba. Na'urar ba ta yarda da wannan ƙa'ida ba. Daga ranar gidan ya yanke hukuncin cewa ba na nan. Ƙofa ta kulle. In na kunna fanka da hannu, sai ta ɗan juya, ta tuna cewa babu kowa, ta tsaya. Ni kuwa ga ni zaune a ƙarƙashinta, gumi yana bin wuyana.

Na nemi yaron, aka ce ya tafi aiki wani daji inda babu sabis, kuma ɗan makullin hannu na kwaɗon yana cikin jakarsa. Na rubuta masa ƙorafi mai kan magana da sakin layi, na aika, bai isa ba. Sai na shiga gyara da kaina. Na kashe akwatin na kunna. Na kanga masa sabuwar wayar a fuska domin su san juna. Na wanke allunan sola da sabulu. Mai gyaran wuta ya zo ta ƙofar awaki, ya duba, ya ce shi waya mai jan wuta ya sani, ba mai tunani ba. Wani maƙwabcina ya ba da shawarar a yi hayaƙi, na ce masa ni mutum ne mai ilimi, kada ya sake.

Abin da ya ƙara rikita ni shi ne, kullum da hantsi gidan yakan farfaɗo na ɗan lokaci. Na yanke cewa kusurwar rana ce a kan allunan, don haka duk hantsi nakan hau tsani ta bayan gida ina lura da inuwa. Ina can sama sai in ji lasifika daga gaba tana cewa, "Sannu da zuwa, maigida," ni kuma in amsa da ƙarfi, "Yawwa, ka dawo hayyacinka!" Kafin in sauko in zagayo, komai ya sake mutuwa.

Ana cikin haka ƙanena ya sanar da ni cewa masu neman auren ɗiyarsa, wadda take koyarwa a makarantar firamare, za su zo. Kamar yadda aka saba, uba ba ya ba da ɗiyarsa da bakinsa, sai ya tura su wurin wansa, wato ni. Yarinyar tana son yaron, yaron yana sonta, abin da ya rage kawai manya su zauna. Jagoransu baffan yaron ne, wani babban manomi daga Mawashi, wanda aka gargaɗe ni cewa ba ya ɗaukar raini ko kaɗan. Bisa lissafina na rana, na ce su zo da hantsi.

Suka zo da hantsi. Rana tana inda ya kamata ta kasance, amma ƙofa ko motsi. Na ji tsayuwar mota, na ji sallama, na ji bugun ƙyaure. Na danna duk abin da ake dannawa. Daga ƙarshe, ina sanye da babbar rigata ta shadda, na jingina tsani a katanga na leƙa da kaina.

"Wa'alaikumus salam, Alhaji. Sannunku da hanya. Ina neman afuwa, an sami tangarɗar na'ura."

Dattijon ya ɗaga kai ya dube ni a saman katanga. Ya ce, "Malam, mu dai ɗiya muka zo nema. In ba a ba mu, a faɗa mana a ƙasa, ba sai an hau sama ba."

Na rantse masa cewa ba haka ba ne. Na yi bayanin kusurwar rana. Da na ga fuskokinsu ba su sauya ba, sai na ce akwai wata ƙofa ta baya, ko da yake sai an ɗan sunkuya, kuma akwai dabbobi.

"Ta wurin awaki?" in ji shi. Ya juya ga mutanensa. "Kun ji? Ni da furfurata, in shiga neman aure ta wurin awaki. Ku tashi mu tahi. Wanga gida ba a son mu."

Na ga auren yarinyar nan yana shiga mota. Na ga fuskar ƙanena, na ga yadda labarin zai kai har garin Kusada kafin azahar. A daidai lokacin ne wata Bafulatana mai tallan nono daga wajen Tafashiya, ƙawar maiɗakina ta shekara da shekaru, ta ɓullo daga kwana da ƙwarya a ka. Ashe kullum da hantsi take shigowa gidan, ranar ce ta makara. Tana isowa bakin ƙofa, kwaɗo ya yi ƙara, ƙyaure ya buɗe da kansa, muryar ɗana ta cika unguwa: "Sannu da zuwa, maigida, Allah ya ƙara girma."

Matar ta ce, "Amin, ɗan nan," ta wuce ciki abinta, kamar wadda ta saba.

Dattijon ya cire ƙafarsa daga mota. Ya ce, "Malam, ashe ba kai ne maigidan ba? To da wa za mu yi magana?"

Na sauko ban san yadda na sauko ba. A hannun matar na hangi tsohuwar wayata, da tsagar nan a kusurwa wadda na sani sarai. Na shigar da baƙi falo, fanka tana juyi kamar ba ta taɓa yin laifi ba, sannan na ja maiɗakina gefe.

"Hajiya, na ce ki adana."

"Na adana mana, Malam. A wurin ƙawata. Matar da ta kawo man shanu har gida lokacin haihuwar jikarmu, in bar waya tana kwana a durowa?"

"To ki karɓo ta, ko aro ne, har baƙi su tafi."

Ta dube ni kamar na ce ta yi sata. "In karɓo kyauta? Da bakin wa? Gara auren ya jira wata shekara."

Na gwada da kaina, cikin ladabi. Mai nonon ta ce mijinta yana kudu da shanu, yau zai kira, ba ta rabuwa da wayar ko na ƙiftawar ido. Da ta shige sashen mata kuwa, fankar falo ta mutu, domin ikon akwatin bai kai can ba. Babu yadda na iya. Na sayi furarta da nononta gaba ɗaya aka dama wa baƙi, aka shimfiɗa mata tabarma a bakin ƙofar falo, aka yi zaman neman aure tana zaune kamar shaida. Ba ta kuma yi shiru ba. Da baffan ya fara jero halayen yaronsu, sai ta ce, "Ita ma yarinyar ba ta da aibi, ba ta taɓa taya nonona da wulaƙanci ba."

Mun kai ga muhimmin wuri, na gyara murya zan ce mun ba su, sai wayar ta yi ƙara. Matar ta miƙe tana "Alo? Alo?", ta fita titi neman sabis. Ƙyaure ya rufe a bayanta, kwaɗo ya datse, fanka ta tsaya. Muka zauna cikin zafi muna jin ta daga nesa tana tambayar lafiyar shanu ɗaya bayan ɗaya. Na ce a cikin raina ba zan bar na'ura ta tsara mini zama ba, na ba da yarinyar, aka ɗaga hannu za a shafa fatiha. Muna tsakiyar addu'a matar ta dawo, lasifika ta ce, "Sannu da zuwa, maigida."

Dattijon ya yi ƙoƙari, na shaida ya yi ƙoƙari. Kafaɗunsa suka fara rawa, sannan dariya ta ƙwace masa har hularsa ta faɗi. Da ya samu numfashi ya ce, "Ɗazu an hana mu shiga, yanzu an hana mu fita. To mun zama 'yan gida ke nan. Allah ya sa albarka." Sai da mai nonon ta raka su har mota, domin ba wanda ya yarda ya bi ta ƙofar ba tare da ita ba.

An yi auren bayan damina. Ɗana kuwa, da ya sami sabis, ya gyara tsarin daga inda yake cikin ɗan lokaci, yana dariyar da ban ga dalilinta ba, kuma ina so a sani cewa har yau babu wanda ya ba ni haƙuri a hukumance.

Darasin da na ɗauka shi ne, waɗanda suka ƙera irin waɗannan na'urori sun ɗauka cewa kaya yana zama a hannun mai shi har ya lalace. A wurinmu ba haka ba ne. Waya, agogo, riga, duk abin da ya tsufa a hannun wani yana kan hanyarsa ta zuwa hannun wani, kuma in ya tafi ba ya dawowa. Saboda haka duk wanda zai ɗaure ƙofar gidansa a jikin wani abu, to ya fara tabbatar da cewa ba abin da matar gidan za ta iya bayarwa kyauta ba ne.